Ƙullin da Lissafi Ya Riga Ido Gani: Labarin Sikamiyon a Cikin Maganaɗisu

A garin Garching, kusa da Munich a ƙasar Jamus, akwai wata tashar nukiliya ta bincike mai suna FRM II. Ba ta ba gari wuta. Aikinta shi ne fitar da ƙwayoyin niyutiron, waɗanda masana ke harbawa cikin abu don su gane yadda cikinsa ya tsaru. A nan ne wasu masana, ƙarƙashin Christian Pfleiderer da Peter Böni, suka ɗauki guntun kiristal na manganis da silikon, wanda ake rubutawa MnSi, suka sanyaya shi har kusan digiri 244 ƙasa da sifiri, suka sa shi cikin maganaɗisu mai matsakaicin ƙarfi, sannan suka sakar masa niyutiron. A allon na'urar sai ga ɗigo shida sun yi da'ira, tazarar da ke tsakaninsu daidai wa daida. Aka juya kiristal ɗin ta wata fuska, ɗigon shida suna nan daram.

Wasu sun sha auna wannan kiristal kafin su. Tun shekarun 1970 aka san yana da wani ɗan lungu, a daidai wannan sanyi da wannan ƙarfin maganaɗisu, inda halinsa ke sauyawa ba tare da an san dalili ba. An rasa sunan da za a ba lungun, sai aka laƙaba masa harafin A kawai. Na baya suna harbo niyutiron ne ta gefe. Mutanen Garching suka harba ta hanyar da maganaɗisun ke bi, shi ke nan abin da ya ɓuya shekara da shekaru ya fito fili. Mujallar Science ta buga sakamakon a 2009, da sunan wani ɗalibin digiri na uku, Sebastian Mühlbauer, a sahun gaba.

Sai dai ba mutanen Garching ne suka fara sanin abin ba. Shekara 20 kafin nan, a birnin Donetsk na Yukren, tun Tarayyar Sobiyet na da rai, Alexei Bogdanov da Dmitry Yablonskii sun riga sun lissafa shi a takarda, sun faɗi irin kiristal ɗin da za a same shi a ciki. A wannan fage haka aka saba: alƙalami ne a gaba, na'ura tana bin sawu.

Mene ne aka gani?

A cikin ƙarfe mai maganaɗisu, kowane atam yana da nasa ɗan ƙaramin maganaɗisu, mai kai da gindi. Masana suna zana shi da siffar kibiya. In kibiyoyin nan suka fuskanci gefe guda gaba ɗayansu, an sami maganaɗisun da kowa ya sani. Amma ba dole ba ne su jeru haka. Suna iya karkacewa kaɗan-kaɗan daga wannan atam zuwa na gaba, har su yi zubi iri-iri.

Zubin da ake kira sikamiyon ga yadda yake. A tsakiya, kibiya ɗaya tana kallon ƙasa. A can bakin da'ira, dukkan kibiyoyi suna kallon sama. Tsakanin tsakiya da baki kuwa suna juyawa a hankali, daga ƙasa zuwa kwance, daga kwance zuwa sama, kuma suna kewaya cibiyar yayin da suke juyawar. Yanzu a tattaro kibiyoyin duka, a haɗa gindinsu wuri ɗaya. Kawunansu za su nuna kowace fuska da ke akwai, sama da ƙasa, gabas da yamma, kudu da arewa da duk abin da ke tsakani, kowace fuska sau ɗaya. Wannan "sau ɗaya" ita ce lambar sikamiyon. A maganaɗisu na yau da kullum lambar sifiri ce, domin duk kibiyoyin fuska ɗaya suke nunawa.

Reshen lissafin da ake kira tofoloji ya tsaya ne a kan irin waɗannan lambobi, waɗanda ba sa sauyawa komai aka ja abu ko aka murɗe shi, muddin ba a yaga shi ba. Babu rabin zagaye a nan, ko ɗaya ko sifiri. A ɗauki igiyar da aka ɗaure bakinta biyu a jikin turaku biyu, da ƙulli a tsakiyarta. Kana iya tura ƙullin gaba, ka dawo da shi baya, ka matse shi, ka sassauta shi. Kwance shi ne ba za ka iya ba, sai ka yanke igiyar ko ka kunce baki ɗaya daga turke. Sikamiyon ƙulli ne irin wannan a cikin jeren kibiyoyi. A riƙe zancen yankewa da kuncewar nan, domin a kansu rigimar da ke gaba take.

Sunan kuwa na wani Bature ne ɗan Ingila, Tony Skyrme, wanda ba maganaɗisu ya sa a gaba ba. Masanin ƙwayar atam ne, ya yi aiki a Los Alamos lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya a Harwell. A 1961 da 1962 ya kawo ra'ayin cewa furoton da niyutiron ƙulle-ƙulle ne a cikin wani fili mai santsi, shi ya sa ba sa narkewa su ɓace. Kusan shekara 20 ba wanda ya kula shi sosai, sai a 1983 da Edward Witten da abokan aikinsa suka tono aikin. Skyrme ya rasu a 1987, bai ji labarin ƙullinsa a cikin ƙarfe ba.

Abin da ke hana ƙullin shaƙewa

Tun 1975 Alexander Belavin da Alexander Polyakov suka nuna cewa irin wannan zubi zai iya zama a shimfiɗaɗɗen maganaɗisu. Amma nasu yana da lam'a. Ba shi da girman kansa, babba da ƙarami duk kuɗinsu ɗaya a ma'aunin makamashi. Da an kawo maganaɗisu daga waje, sai ya yi ta tsukewa har ya ƙare. Akwai ma wata ƙa'ida ta lissafi da G. H. Derrick ya kafa a 1964, wadda ke cewa yawancin irin waɗannan dunƙulallun siffofi ba sa tsayuwa, ko su bazu ko su shaƙe. Skyrme ya tsallake wannan ne da wani ƙarin sashe da ya cusa cikin lissafinsa da hannu. Tambayar ita ce ko akwai abin da zai yi wannan aiki a ƙarfe na gaske.

Akwai shi, kuma an daɗe da saninsa, ba a dai haɗa shi da wannan zance ba. A 1958 Igor Dzyaloshinskii, ɗalibin makarantar masanin fiziks Landau a Mosko, yana neman dalilin da ya sa hematayit, jan dutsen ƙarfe irin wanda ke cikin tamar Itakpe a jihar Kogi, yake nuna ɗan raunin maganaɗisu alhali bisa ƙa'ida kibiyoyinsa sun kashe juna. Ya gano cewa tsarin kiristal ɗin yana ba kibiyoyin damar ɗan karkacewa. A 1960 Toru Moriya, ɗan Japan da ke aiki a Bell Labs ta Amurka, ya nuna inda karkacewar ta samo asali a motsin ilektiron. Shi ya sa ake kiran wannan ƙarfi da sunansu su biyu.

Ƙarfi uku ke nan ke ja-in-ja. Na farko, wanda Heisenberg ya bayyana a 1928, yana son kowace kibiya ta bi sahun maƙwabciyarta. Na Dzyaloshinskii da Moriya yana son ta karkace daga maƙwabciyar, kuma ta gefe guda kullum, dama ko hagu, gwargwadon ginin kiristal ɗin. Irin wannan karkacewa ta gefe guda ba ta fitowa sai a inda ginin ba shi da cibiyar da za a kifa shi a kanta ya koma yadda yake, kamar MnSi. Na uku shi ne maganaɗisun waje, mai son kowa ya kalli sama. In na farko da na biyu kaɗai ne, sulhun da suke yi shi ne murɗaɗɗen jere, wanda a MnSi yake cika zagaye ɗaya a kowace nanomita 18. Nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita. In na uku ya shigo, zai so ya matse ƙullin har ya mutu, amma na biyu ba ya yarda, domin shi ribarsa a karkacewar take. Inda ƙarfinsu ya zo ɗaya, nan girman sikamiyon yake tsayawa. Abin da Bogdanov da Yablonskii suka gane ke nan a 1989, kuma Bogdanov ya faɗaɗa shi tare da Alex Hubert a 1994.

A ganina wannan shi ne mafi kyan aiki a duk tarihin fagen, kuma shi ne aka fi yin biris da shi. Takardar ta fito ne a mujallar Sobiyet, ana dab da rushewar ƙasar, hankalin duniyar masana kuma yana kan wasu abubuwa. Bogdanov ya koma aiki a Dresden, ya ci gaba da nanata zancensa. A 2006 shi da Ulrich Rößler da Pfleiderer suka buga a Nature cewa ya kamata a nemi abin a ƙarafa irin MnSi.

Ko bayan an gani, da sauran rina a kaba. In aka yi lissafi a sauƙaƙe, a dunƙulen MnSi wani zubin daban, mai siffar mazurari, ya fi jeren sikamiyon arha, don haka shi ya kamata ya yi nasara ko'ina. Achim Rosch na Jami'ar Cologne da Benedikt Binz suka nuna cewa girgizar da zafi ke sa kibiyoyi yi ita ce ke rinjayar da ma'auni, a ɗan wannan lungu kawai, dab da inda maganaɗisun ke gushewa. Shi ya sa lungun A ya kasance ɗan mitsitsi. A 2016 Ƙungiyar Masana Fiziks ta Turai ta ba Bogdanov, Böni, Pfleiderer, Rosch da Ashvin Vishwanath lambar yabo a kan wannan aiki.

Daga nan abubuwa suka zo a guje. Ɗigo shida hujja ce ta kaikaice, gani kuwa ya kori ji: a 2010 Xiuzhen Yu da Yoshinori Tokura a Japan suka ɗauki hoton ƙulle-ƙullen ɗaya bayan ɗaya da madubin ilektiron, kowanne kimanin nanomita 90, a falle mai sirantaka na ƙarfe da kobalt da silikon. A sirantaccen falle ashe sun fi samun wurin zama. A 2011 suka gan su a FeGe, haɗin ƙarfe da jamaniyam, a sanyin da bai fi na firji ba. A shekarar kuma, a Hamburg, rukunin Roland Wiesendanger ya same su a shimfiɗar ƙarfe mai kaurin atam ɗaya a kan iridiyam, girmansu kusan nanomita ɗaya, kuma a 2013 suka iya rubuta ɗaya su goge shi. Zuwa 2015 da 2016 an same su a zafin ɗaki, a Argonne da MIT a Amurka, da Grenoble da Paris a Faransa.

Alkawarin ma'adana, da inda gizo ke saƙar

Abin da ya jawo kuɗi da jama'a shi ne zancen adana bayanai. A 2010 rukunin Munich ya nuna cewa wutar da ke motsa jeren sikamiyon ta gaza wadda ke motsa iyakokin maganaɗisu na yau da kullum sau kusan 100,000. Stuart Parkin, yana IBM a lokacin, ya riga ya kawo tsarin ma'adanar da bayanai ke gudu a kan siririyar waya maimakon faifai ya riƙa juyawa. A 2013 Albert Fert, wanda ya ci Nobel a 2007, tare da Vincent Cros da João Sampaio, suka ce a ɗora sikamiyon a kan wannan waya: inda yake a karanta ɗaya, inda babu a karanta sifiri. Ga ƙanƙanta, ga ƙarancin cin wuta, ga kariyar tofoloji. Wa zai ƙi?

Masu lissafin ne kuma suka fara rage wa zancen gishiri. Da farko, ƙaramar wutar nan tafiyar hawainiya take sa shi. In ana son gudun mita 100 a daƙiƙa, sai an ba shi wuta mai yawa kamar ta sauran. Na biyu, sikamiyon ba ya tafiya miƙe. Lambar nan tasa tana sa shi ratsewa gefe, har ya bugi bakin waya ya fice. Da tsohuwar zuma ake magani: lissafin da ya bayyana wannan na A. A. Thiele ne, na 1973, wanda ya rubuta don ma'adanar kumfar maganaɗisu. Ita ma wannan ma'adana an yi mata kirari a zamaninta, Intel har ta kai ta kasuwa a 1979, amma cikin shekarun 1980 ta sha ƙasa a hannun masu arha. An auna ratsewar sikamiyon ido da ido, aka buga a 2017, ta zo daidai da hasashen a dunƙule, ko da yake datti da lahanin ƙarfe suna sauya kusurwar.

Na uku ya fi tsanani, domin ya taɓa kariyar kanta. Hujjar tofoloji tana aiki ne a fili mai santsi wanda babu giɓi a cikinsa. Ƙarfe kuwa atam-atam ne, da tazara a tsakani. In sikamiyon ya tsuke har ya kai girman 'yan atam kaɗan, kibiyar tsakiya tana iya kifewa, lambar ta faɗo daga ɗaya zuwa sifiri. Igiyar ta yanke ke nan. In kuma ya kai bakin falle ya sulale, an kunce turke. Ashe kariyar katanga ce mai iyakar tsayi, kuma zafi na iya tsallake da shi. A 2013 Peter Milde da abokansa suka ga layukan sikamiyon suna haɗewa suna ɓacewa ta wasu ɗigo da ke aiki kamar maganaɗisu mai kai ɗaya. A 2015 Pavel Bessarab, Valery Uzdin da Hannes Jónsson, tsakanin Reykjavik da St. Petersburg, suka fitar da hanyar lissafa tsayin katangar da hanyar da ƙullin ke bi ya mutu. Wani gwaji na 2017 a Jamus kuma ya nuna cewa tsayin katanga kaɗai ba ya faɗin tsawon rai. Yawan hanyoyin da kibiyoyi ke da su na girgiza yana iya sauya amsar ninkin-ba-ninkin, da sifiri sama da 30 a bayan lamba.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai son sayar da ma'adana, domin masana'antu suna neman bayani ya zauna shekara 10 bai goge ba. Mai sanya sikamiyon ƙarami yana rage masa rai, mai ƙara masa rai yana ƙara masa girma. Har yau takardu da yawa suna buɗewa da zancen "kariyar tofoloji" kamar wani laya ne. Ya kamata editoci su riƙa tambayar masu su: kariya ta daƙiƙa nawa, a wane zafi?

Maganin ratsewa ma daga takarda ya fito. A 2016 Joseph Barker da Oleg Tretiakov, da kuma Xichao Zhang, Yan Zhou da Motohiko Ezawa, suka lissafa cewa in aka haɗa sikamiyon biyu masu kishiyar lamba, ɗaya na ja dama ɗaya na ja hagu, sai su tafi miƙe kuma da sauri. A 2024 rukunin Olivier Boulle a Grenoble ya kai gudun mita 900 a daƙiƙa da irin wannan haɗi. A Mainz kuwa rukunin Mathias Kläui ya juya aibin ya zama jari: tun da zafi na sa sikamiyon yawo barkatai, sai suka yi amfani da yawon wajen gwada wani salon lissafi na kwamfuta mai dogaro da dace.

Dangi sun yi yawa

Da aka gane cewa lamba ce ke rarrabe su, sai aka shiga neman sauran dangi. Akwai kishiyar sikamiyon, wadda rukunin Parkin a Halle ya gani a 2017. Akwai meron, mai rufe rabin fuskoki kawai, wanda Yu ta ɗauki hoton jerensa a 2018. Tsuyoshi Okubo da Hikaru Kawamura a 2012, da Andrey Leonov da Maxim Mostovoy a 2015, sun lissafa cewa ana iya samun ƙulli ko babu ƙarfin Dzyaloshinskii da Moriya, in maƙwabtan kusa da na nesa suna ba kibiya umarni masu karo da juna. A 2019 aka same shi a wani haɗin gadoliniyam, bai kai nanomita 3 ba.

Wanda ya fi ɗaukar hankali yanzu shi ne hofiyon. A dunƙulen kiristal sikamiyon zare ne da ya ratsa daga sama har ƙasa. In aka murɗa zaren aka haɗa bakinsa biyu ya zama zobe, an sami sabon abu mai tasa lambar, wadda ke ƙirga yadda layuka ke sarƙe da juna. Lissafin na Heinz Hopf ne, tun 1931. Ludwig Faddeev ya shigo da shi fiziks a shekarun 1970. A 2023 Fengshan Zheng, Nikolai Kiselev, Filipp Rybakov da abokansu suka buga a Nature hoton zoben hofiyon da ya kewaye zaren sikamiyon a cikin FeGe. Madubin ilektiron inuwa kawai yake nunawa, don haka sai da aka gina siffar a kwamfuta, aka lissafa inuwar da za ta bayar, aka gwada da hoton, kafin a yarda.

Da yawan wannan aiki a kwamfuta ake yin sa yanzu, ta hanyar warware lissafin da Landau da Lifshitz suka rubuta a 1935, wanda Gilbert ya gyara a 1955. Manhajojin kyauta ne: OOMMF daga hukumar NIST ta Amurka, MuMax3 daga Jami'ar Ghent ta Beljiyam, VAMPIRE daga York, Spirit daga Jülich. Sauƙin nan yana da nasa sharri. Kowa na iya zuba lambobin da ya ga dama ya fito da hoto mai launi, ko da babu ƙarfen da ke da waɗannan lambobi a doron ƙasa. Aikin da ke da daraja shi ne wanda ya ciro lambobinsa daga lissafin ilektiron na takamaiman abu, ya faɗi abin da za a iya aunawa a ƙaryata shi.

Har zuwa yau babu kamfanin da ke sayar da ma'adanar sikamiyon. Alamar da yake bayarwa in an zo karanta shi da lantarki tana da rauni, lahanin ƙarfe na riƙe shi, kuma ba a sami abu ɗaya da ya haɗa ƙanƙanta da tsawon rai da gudu a zafin ɗaki ba. Ko da ma'adanar ba ta zo ba, an riga an ci riba: an tabbatar cewa ilektiron da ya ratsa ƙullin yana lanƙwasa kamar ya haɗu da wani maganaɗisu da babu shi a waje, kuma an auna hakan a MnSi tun 2009.

Gwaji irin na Garching ya fi ƙarfinmu a Najeriya a yanzu. Tashar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, NIRR-1, ƙarfinta kimanin kilowat 30 ne, ta Garching kuwa megawat 20, kuma ba don aiki ɗaya aka gina su ba. Ɓangaren lissafi kuwa ba ya neman tasha. MuMax3 tana gudana a kan katin hoto na NVIDIA, irin na kwamfutar masu wasan bidiyo, kuma cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Trieste a 1964 tana karɓar ɗaliban Afirka a fannin nazarin daskararrun abubuwa. Shugabannin sassan fiziks na jami'o'inmu, a sa kwamfuta ɗaya mai katin hoto da sola mai riƙe ta dare da rana a kasafin bana, a kuma ba ɗaliban digiri na biyu mabuɗin ɗakin.